Shekarar da Tafkin Kanya Ya Yi Kore

To, ku gyara zama, a matsa wa na baya su ji. Labari ne zan ba ku, kuma in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana.

A wani gari da na zauna shekarun baya akwai tafki a tsakiyar unguwanni, ana ce masa Tafkin Kanya. Ba shi da girman a zo a gani, mai ƙarfin ƙafa zai zagaye shi tsakanin kiran salla da tayar da iƙama. Amma gidaje da yawa da shi suke ci. Akwai masunta, akwai masu lambun latas da albasa a gefensa, akwai mata masu suyar kifi, har da masu buga bulo. Duk ruwan saman da ya sauka a unguwanni huɗun da ke kewaye da shi, lambatu ne ke kwashe shi ya kai can.

Tafkin yana da mai riƙo, wani tsoho ana kiransa Baba Cindo. Shi ke cewa yau an buɗe su, yau an rufe. Shi ke raba gardama idan mai lambu da masunci sun saɓa. Kwale-kwale ɗaya ne a kan ruwan, kuma filafilin tuƙa shi a ɗakinsa yake kwana. A hannun gwaggonsa ya karɓi riƙon, ita ma ta yi shekara ashirin tana yi, don haka kada wani ya ce mini daga baya ai mace ba ta riƙon tafki.

'Ya'yansa uku ne, duk sun manyanta, kowa da iyalinsa. Lantana ce babba, mai sayar da waina a bakin titi, mace ce da in ta yi dariya a wannan layin sai a ji ta a wancan. Mai bi mata Tanimu, masunci, mutum ne da zai wuni tare da kai bai yi maka magana goma ba. Sai autansu Namadi, manomi, yana da gona a bayan gari da amalanke da shanu biyu.

To, sai wani abu ya soma faruwa. Da zarar ruwan fari na damina ya sauka, ba a kwana goma sai tafkin ya juye ya zama kore, kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka. Da sassafe sai ka ga kifi ya taso sama, baki a buɗe, yana haki kamar wanda aka shaƙe. Kafin hantsi karfasa ta juya ciki sama, fari fat, ta rufe gefen ruwa. Daga nan sai wari. Ga zafi, ga ba damar buɗe taga. Mutum ya shiga ɗaki ya kasa zama, ya fito waje ya kasa tsayawa. Mai abinci ta ɗora tukunya ba mai saye. Masu lambu suna ban ruwa suna kawar da kai.

Shekarar farko aka ce ƙaddara ce. Shekara ta biyu aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Wasu suka ce masu rini ne, wasu suka ce mahauta, wasu suka rantse da idonsu sun ga an zuba guba. Akwai ranar da samari suka ɗebi sanduna suka nufi marina, da ƙyar dattawa suka tare su a hanya. Unguwa ta zama ba a yarda da juna. In mutum ya fito da bokiti zai zubar, idanu biyar na kansa.

A shekara ta uku wani jami'in ƙaramar hukuma ya zo. Ya tsaya nesa da ruwan, ya ce an gaji da koke. Idan damina mai zuwa aka sake haka, za a kawo motocin ƙasa a cike tafkin, a yi tashar mota a wurin. Ya manna takarda a jikin bango ya shiga mota.

A lokacin ƙafafun Baba Cindo sun kumbura, ba ya iya takawa. Sai ya ce a ɗauke shi a kai shi bakin ruwa. In an kai shi bai daɗe ba ya ce a mayar da shi. In an mayar da shi ya ce wa ya ce a dawo da shi. Ranar da aka karanta masa takardar ya aika aka kira 'ya'yansa.

Ya ce, "Ni dai kun gani, ƙafa ta ƙi. Ruwan nan a hannuna aka bar shi da rai, ba na so a ce a hannuna ya mutu. Duk wanda ya cece shi a cikinku, shi zan miƙa wa filafili."

Lantana ta ce, "Baba, ai sai an san abin da ke kashe shi tukuna."

Ya ce, "To, ku je ku sani."

Namadi kuwa ya miƙe ya fita. A ransa ya riga ya sallama tafkin, ya koma gonarsa.

Bari mu fara da Tanimu.

Shi tun da kifi ya mutu ba shi da abin yi, kuma zama ya gagare shi. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a da ta sa aka fara cewa ko kansa ya taɓu. Da ya ga hadari ya haɗu, lokacin da kowa ke gudu gida, shi sai ya fito. Ya tsaya a bakin tafki cikin ruwa yana kallon manyan lambatu huɗu da ke zuba a ciki. Ya bi na marina har tushensa, ya tarar ruwan shuɗi ne amma ɗan kaɗan ne. Ya bi na mahauta, ashe shi kuma tun tuni an karkatar da shi wani wajen. Wanda ya tsaya masa a rai shi ne na Layin Darbejiya, unguwar da ta fi ko'ina tsabta, inda aka shimfiɗa kwalta aka yi lambatun siminti, ga bishiyoyi jere hagu da dama. Ruwan da ke fitowa daga can ba shi da wari, amma launinsa kamar shayin da ya sha dahuwa. Kuma ya lura koren nan kullum daga bakin wannan lambatun yake somawa.

Rannan ya tuɓe riga ya rarrafa cikin kwalbati. Abin da ya tarar a ciki ganye ne, ganye zalla, na bana a kan na bara, ya danƙare ya ruɓe ya kai masa gwiwa, ruwa na bi ta cikinsa yana fita baƙi. A nan ne fasasshiyar kwalba ta shige masa tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, ya yi kwana arba'in a kwance, har aka fara maganar ko za a yanke.

A kwancen ma bai huta ba. Ya sa matarsa ta jera masa kwatarniya uku a tsakar gida inda rana ke bugawa. Aka cika su da ruwan rijiya, aka zuba wa kowace ludayi ɗaya na ruwan tafki. Ta farko aka bar ta haka. Ta biyu aka ƙara mata ruwan lambatun marina. Ta uku aka jiƙa busasshen ganye a ciki. Kullum sai ya ja jiki ya leƙa. Kwana bakwai, ta ganyen ta yi kore, sauran biyun suna nan yadda suke. Bai yarda ba, ya ce a zubar a sake. Aka sake, haka. Aka sake na uku, haka.

Sai ya gane. Ganye ai taki ne. Abin da ke cikinsa da ke sa dawa ta yi kore a gona, shi ne ke sa gansakuka ta yi kore a ruwa. Da can da layukan suke na ƙasa, ganye a inda ya faɗi yake ruɓewa, ƙasa ta shanye ƙarfinsa. Yanzu kwalta ba ta shan komai, siminti ba ya shan komai. Ruwan fari sai ya jiƙa ganyen rani gaba ɗaya, ya tatse shi, ya kai wa tafki a wuni ɗaya takin da ya fi ƙarfinsa. Gansakuka ta ci ta ƙoshi ta rufe ruwa, in ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Da ya samu ya miƙe, da ɗingishin da har yau bai rabu da shi ba, ya sa aka ɗauki kwatarniyoyin nan zuwa ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya nuna, ya yi bayani a taƙaice yadda ya saba. Sai wani ya kwashe da dariya.

"Ganye? Ganyen darbejiyar da muke wanka da shi in zazzaɓi ya kama mu? Haba Tanimu, ciwon ƙafar ne ya hau kai?"

Aka yi ta dariya. Ran Tanimu ya ɓaci, ya ce, "To, tunda ba za ku ji ba, a sare bishiyoyin duka kowa ya huta."

Cikin fushi ya faɗa, amma maganar ta yi tafiya har ta kai ƙaramar hukuma. Su kuwa ta yi musu daidai, don sare bishiya ya fi cike tafki sauƙi. Ba a yi mako ba aka wayi gari an bi bishiyoyin unguwanni huɗu an shafa wa kowace jan fenti, alamar za a sare ta. Tanimu ya shige gida ya daina fita.

Wannan ke nan. Sai Lantana.

Ita da ta ga jan fenti a jikin darbejiyar da take suyar waina a ƙarƙashinta, sai ta sauke tanda ta nufi gidan ƙanenta. Ta tsaya a kan kwatarniyoyin ta daɗe tana kallo. Ta tuna ita kanta kullum safiya abin da take fara yi shi ne ta share wurin sana'arta ta tura ganyen cikin lambatu.

Ta ce, "Kai Tanimu, ka san ruwa amma ba ka san mutane ba. Waɗanda ka kai wa magana a ƙofar masallaci, akwai wanda ya taɓa riƙe tsintsiya a cikinsu?"

Ya ce, "Yaya, ni na gama nawa."

Ta ce, "Ba ni kwalabe biyu."

Ta cika ɗaya da koren ruwan, ɗaya da fari, ta ƙulle su a gefen gyale. Daga ranar ta shiga bin gidaje. Ta shiga inda namiji ba ya shiga. Ta je gidan suna, ta je gidan biki, ta tsaya a layin markaɗe, ta tare mata a hanyar Islamiyya. Ba ta doguwar magana. Sai ta ajiye kwalaben a gaban mace ta ce, "Wanne za ki ba ɗanki ya wanke fuska?" In an nuna farin, ta ce, "To, wancan ɗin ni da ke muka dafa shi, da tsintsiyarmu." Wadda ta yi musu, ta ce mata ta jiƙa ganye a tsohon kwano ta ajiye a rana, za ta dawo bayan mako. Kuma tana dawowa.

Ba ko'ina aka karɓe ta ba. An ce mata kifin ubanta take karewa. An ce ta zama 'yar duba-gari ba albashi. Wata Hajiya a Layin Darbejiya ta sa aka rufe mata ƙofa sau shida, a na bakwai ne ta ce a bar ta ta shigo don ta gaji da sallama. Tandar waina kuwa ta yi wata da watanni ba wuta, masu saye suka koma wajen wata, kuma da yawansu ba su dawo ba. Muryarta ta dishe, har mijinta ya ce mata ko ta zauna ko ta zauna. Ta zauna kwana biyu, a na uku ta ce za ta je gaida Baba, ta ɓulle ta wata unguwa.

Ita ce kuma ta je ƙaramar hukuma. Ta yi kwana uku tana zuwa tana zama a kan benci, ana ce mata yallaɓai ya fita, yallaɓai yana taro. A rana ta uku ta tare shi a bakin mota.

Ta ce, "Yallaɓai, bishiyoyin nan ina yarinya aka dasa su, yanzu ina da jika. In kun sare, ni da kai ba za mu sake zama a inuwarsu ba. Ba ganyen da ke sama ne ke kashe ruwa ba, wanda ke cikin lambatu ne. Ku ba mu damina ɗaya. In tafki ya sake yin kore, ni zan riƙe muku tsani."

Ya dube ta, ya dubi kwalaben, ya ce damina ɗaya, ba ƙari.

Da rani ya tsaya, darbejiya da maɗaci da mangwaro suka fara zubar da ganye, sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Unguwanni huɗu suna shara, amma ba mai turawa a lambatu. Kowace mace ta share ƙofar gida ta tara a gefe. Wadda ta manta, maƙwabciya ta tuna mata.

Sai dai akwai abin da Lantana ba ta yi tunani ba: an tara, sai kuma ina? Tsibin ganye ya yi ta girma har ya fi mutum tsawo, kuma duk a bakin lambatu, don nan ne gefen titi. Guguwa ta zo ta watsa, a sake sharewa. Awaki su tone, a sake tarawa. Wasu suka fara cinna wuta, hayaƙi ya cika gidaje, rannan saura kaɗan rumfar wani kafinta ta kama. Aka ce an ga maciji ya fito daga wani tsibi. Mata suka fara tare ta a hanya: "Kin ce mu tara, mun tara. Yanzu dafawa za mu yi?"

Tanimu ya fito da sandarsa ya zagaya ya gani. Ya ce mata, "Yaya, wannan ya fi na da muni. Da can iska kan kwashi wani ta kai bayan gari. Yanzu kin tara shi duka a bakin lambatu. Ruwa ɗaya ya ishe mu."

Ga shi kuwa zafin bazara ya kai maƙura, da yamma gabas ta fara yin duhu tana washewa. Lantana ta kasa cin abinci. Ta zauna ta tashi, ta fita ta dubi sama ta dawo.

Nan ne Namadi ya shigo.

Da tsakar rana Lantana ta same shi a gona yana sassabe. Ba ta ko zauna ba ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta zube masa ganye a gaba, ta faɗa masa halin da ake ciki. Ya tsuguna ya damƙi ganyen, ya murza, ya sansana.

Ya ce, "Yaya, irin wannan nawa ne a garin?"

Ta ce, "Ya fi ƙarfin ido."

Ya ce, "Ikon Allah. Ku kuna kuka da shi, ni kuwa gonata shekara uku ke nan tana nemansa."

Ya jefar da adda ya ɗaura wa shanu amalanke. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana jigila. Kwana huɗu yana yi, ya duba ya ga kamar bai taɓa komai ba. Ya san amalanke ɗaya ba za ta riga ruwa ba. Ranar kasuwa sai ya shiga cikin manoman ƙauyukan kewaye, waɗanda ba su san Tafkin Kanya ba kuma bai dame su ba. Bai yi musu maganar kifi ba. Ya ce akwai taki a cikin gari kyauta, mai so ya biyo shi. Ya kai su gonarsa ya nuna musu ramin da ya haƙa, yadda ake shimfiɗa ganye a bi shi da kashin shanu da toka, a yayyafa ruwa a rufe. Washegari sai ga amalanke bakwai, ga jakuna da mangala, har da wani mai a-kori-kura. Shi ya raba musu layuka, shi ya san tsibin da ya fi kusa da faɗawa lambatu a fara da shi.

Ya kuma yi abin da ba wanda ya tuna. Ya ce na sama ai kowa na gani, ina na ciki? Ya ɗauki shebur ya shiga kwalbatocin da suka kusa cinye ƙafar yayansa, ya yi ta yaso ruɓaɓɓen ganyen shekaru yana miƙowa waje. In ya fito ba ka gane shi, ko matarsa sai ta ajiye masa ruwan wanka a zaure.

Saura tsibi ɗaya, mafi girma, a gangaren Layin Darbejiya, sai hadari ya taso da azahar. Wannan karon ba na wasa ba ne. Gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Manoman nan kowa ya juya dabbarsa ya nufi gida, don gobe shuka, ba wanda zai zarge su. Namadi ya tsaya. Mata suka fito da kwanduna da buhuna suna loda masa, yana dannawa da ƙafa, ya yi sawu ɗaya, ya yi na biyu a guje. A sawu na uku ya yi lodin da ya san ya wuce ƙima, ya rufe da tabarmi ya ɗaure. A kan gangaren ƙafar san da ke dama ta zame cikin rami, aka ji ƙas. Sa ya durƙushe bai sake tashi ba.

Namadi ya dubi san, ya dubi sama. Ya ce a kira mahauci kada ya mutu mushe. Ya kwance shi, ya sa kafaɗarsa a gurbinsa, mutane suka tura ta baya. Haka suka haura, shi da sa ɗaya. Sun wuce lambatun ƙarshe na gari ke nan ɗigon farko ya faɗo masa a wuya.

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tanimu yana bakin tafki a tsaye, ya ce ruwan da ya fito daga Layin Darbejiya ranar jan ƙasa ne kawai ya ɗan rina shi.

Washegari kowa ya fita shuka, ban da Namadi. Sa ɗaya ya rage, ba sassabe, kafaɗa ta kumbura. Sai da aka yi ruwa na huɗu ya samu ya shuka, a shekarar abin da ya girbe bai kai shi rani ba. Amma zan faɗa muku gaskiya duka: shekarar da ta biyo baya, da takin nan ya nuna, ba gonar da ta kai tasa a yankin. Shi ya sa wasu ke cewa ai don gonarsa ya yi, kuma bai motsa ba sai da ya ji ƙanshin taki.

Bayan ruwan fari sai jira. Ban taɓa ganin gari ya kasa zaune ya kasa tsaye irin na kwanakin nan ba. Da an idar da sallar asuba sai ka ga mutane sun jeru a bakin tafki, kowa ido a ruwa. Mai shago ya buɗe ya rufe ya je ya leƙo. A kwana na biyar wani siririn kore ya bayyana a gefe, labari ya zaga gari kafin hantsi, Baba Cindo ya ture kwanon kunu. Kwana na bakwai koren yana nan. Kwana na goma yana nan, bai ƙaru ba. Kwana ashirin, wata guda. Ba zan ce muku ruwan ya zama garau kamar na rijiya ba, tafkin gari ne, yana da sauran dattinsa. Amma kifi bai taso ba, wari bai tashi ba. Ƙaramar hukuma ta aiko aka cire takarda, maganar sare bishiya ma ba a sake ta da ita ba.

Baba Cindo ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ɗora filafili a cinya, ya kira 'ya'yansa da mai unguwa. Kafin su iso ƙofar gida ta cika. Masunta sun zo bayan Tanimu, mata sun zo bayan Lantana, manoma sun zo bayan Namadi.

Tanimu ya ce, "Baba, shekara uku ana zargin masu rini da mahauta. Da ban shiga kwalbati ba, da har yau ba wanda ya san me ake yaƙi da shi. Na bar lafiyar ƙafata a can."

Lantana ta ce, da muryar da ba ta gama dawowa ba, "Ya sani, amma saninsa a kwatarniya ya tsaya, kuma saura kaɗan ya ja a sare mana inuwa. Ni na sa hannu dubu suka canza yadda suke shara, ni na karɓo mana damina. Kuma baɗi ma ganye zai zuba, wa zai sake tashin mutane?"

Namadi ya ce, "Yaya ta tara, amma a bakin lambatu ta tara. Da ban kwashe ba, da abin da ta tara ne zai kashe tafkin a wuni ɗaya. San da na rasa yana cikin tukwanen garin nan."

Tsoho ya ɗaga filafili kamar zai miƙa, ya mayar. Ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a ba su su uku?"

Mai unguwa ya ce, "Baba, ranar da za a buɗe su baki ɗaya ne ke cewa a shiga. In bakuna uku ne, rigimar da muka kashe ce za ta dawo. Kai ka ce wanda ya cece shi. Faɗi ɗaya."

Baba Cindo ya dubi mai ɗingishi, ya dubi mai disasshiyar murya, ya dubi mai karkatacciyar kafaɗa. Aka kira la'asar filafili yana cinyarsa, aka kira magariba yana cinyarsa.

To, ga ku nan. Wanda ya gano, da wadda ta tayar da gari, da wanda ya kwashe, kowa da abin da ya rasa, kowa da inda ya yi kuskure. In kai ne Baba Cindo, hannun wa za ka sa wa filafilin nan?